Kafin Ka Zauna a Gidan Abincin Sifaniya da Maroko: Abin da Ya Kamata Ɗan Zango Ya Sani

 

Daga kasuwar Nima zuwa Osu ko Labone ko Cantonments tafiyar 'yan mintuna ce a mota idan babu cunkoso, amma abin da ake ɗorawa a kan teburi a can da wanda muka saba da shi sun yi hannun riga. A zango mun san mai waakye da sunanta, mun san mahaucin da take sayen nama a wurinsa, wataƙila ma sahu ɗaya muke tsayawa da shi a masallaci. Shi ya sa ba mu saba tambaya ba. To, zamani ya canja. 'Ya'yan Nima da Maamobi da Sabon Zango sun yi karatu, suna aiki a bankuna da kamfanonin waya da ofisoshin jakadanci, kuma aikin yakan kai su cin abincin dare a gidajen abincin baƙi. Wasu kuma tafiya ce ke kai su: ɗalibanmu da ke Maroko, da masu zuwa ziyara Fas, da 'yan ci-ranin da ke Sifaniya da Landan.

A cikin irin waɗannan wurare akwai wanda ya fi saura rikita Musulmi, wato gidan da ke sayar da girkin Sifaniya, ko wanda ya haɗa shi da na Arewacin Afirka. Wuri ne mai cika da hayaniya da kiɗa, ana ta kawo abinci a ƙananan kwanuka, kowa na miƙa hannu. Wani ɓangare na abin da ke cikin takardar abincinsu gadon Musulmi ne, wani ɓangaren kuma an gina shi a kan naman alade da giya, kuma su biyun suna zaune a shafi ɗaya, wani lokaci ma a kwano ɗaya. Sai ka ga matasanmu sun kasu biyu. Wani kunyar shugabansa ta hana shi tambaya, ya ci duk abin da aka ajiye. Wani kuma ya naɗe hannu ya ƙi taɓa ko da burodi da zaitun, ya koma gida da yunwa, ya bar mai gayyata cikin damuwa. Duka biyun rashin sani ne ya jawo, kuma maganinsa bai fi ƙarfinmu ba.

Me ya haɗa Sifaniya da Maroko a tukunya ɗaya?

Ruwan da ya raba Sifaniya da Maroko bai wuce kilomita 14 ba a inda ya fi ƙunci. A shekarar 711 Miladiyya, wato 92 bayan Hijira, Ɗariƙu ɗan Ziyad ya tsallaka wannan ruwa da rundunarsa, kuma dutsen da ya sauka a kusa da shi har yau sunansa yake ɗauke da shi: Jabalu Ɗariƙ, wanda Turawa suka mayar Gibraltar. Daga nan aka kafa ƙasar da littattafanmu ke kira Andalus, mulkin Musulmi ya ci gaba a sassanta har zuwa faɗuwar Garnaɗa a 1492. Akwai lokacin da gaɓar ruwan biyu suke ƙarƙashin sarki ɗaya, kamar zamanin Murabiɗuna, mutanen Sahara waɗanda Yusuf ɗan Tashfin ya jagoranta zuwa yaƙin Zallaƙa a 1086. Zaman kusan shekara ɗari takwas ba ya tafiya bai bar alama a madafi ba.

A wannan zamani ne noman shinkafa da rake da lemon tsami da alayyafo da za'afaran ya kafu a ƙasar, tare da dabarun ban ruwa. Harshen Sifaniyanci ma shaida ne. Shinkafa suna ce mata arroz, daga Larabci ar-ruzz. Mai suna ce masa aceite, daga az-zait. Tafkin da ake noman shinkafa a gefensa kusa da birnin Balansiya sunansa Albufera, daga al-buhaira, wato ƙaramin teku. Akwai ma kalmomin da mu da su muka ɗebo a rijiya ɗaya: su azúcar, mu sukari; su aceituna, mu zaitun; su limón, mu lemo; su azafrán, mu za'afaran.

Masana tarihi suna danganta wa Ziryab, wanda ya iso Ƙurɗuba daga Bagadaza a 822, tsarin kawo abinci daki-daki, a fara da romo, a bi da nama, a rufe da kayan zaƙi. A ƙarni na 13 kuma wani malami ɗan garin Mursiya, Ibn Razin at-Tujibi, wanda ya ƙare rayuwarsa a Tunis, ya rubuta littafi guda a kan girkin Andalus da Magrib, har da yadda ake turara kuskus. Wannan tarihi ne masu gidajen abinci na zamani suka farfaɗo da shi. Misalin da ya yi fice shi ne wani gida da aka buɗe a Landan a 1997 mai suna Moro, kalmar da mutanen Sifaniya ke kiran Musulmin Arewacin Afirka da ita.

Mu ma muna da rabo a wannan gado

Duk wanda ya zauna a gaban malam a zaure a Nima ko Kumasi ko Kano ya sha ruwan wannan yanki ko bai sani ba. Risala, Ibn Abi Zaid ne ya rubuta ta a Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya. Muwaɗɗa ta Imamu Malik da muke karantawa ta zo mana ne ta ruwayar Yahaya ɗan Yahaya al-Laisi, mutumin Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 848. Ashafa, Alƙali Iyal ne ya rubuta ta, haifaffen Sabta, wanda ya yi alƙalanci a Garnaɗa ya rasu a Marrakish a 1149. Garin nasa na Sabta yana gaɓar Afirka, amma yau a hannun Sifaniya yake. Ishiriniya ta Alfazazi ita ma daga Andalus ta fito. Shehu Magili, mutumin Tilimsan ta Aljeriya, ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Hanyar da ta kawo littattafai ita ta kawo abinci. Alkama da albasa da alkubus da alkaki da alewa duk sunaye ne masu tushen Larabci. Kuskus ɗin da ake turarawa a tukunya mai ɓula ɗan'uwan dambu ne da muke turarawa a madambaci. Da Ibn Baɗuɗa ya ratsa ƙasar Mali a 1352, ya tarar ana yin kuskus da acca. Shayin ataya da samarinmu ke kwana suna dafawa a majalisu, shi da sunansa daga Maroko suka gangaro ta Sahara. A Disamba 2020 hukumar UNESCO ta sa kuskus a jerin al'adun duniya da sunan ƙasashe huɗu: Aljeriya, Maroko, Muritaniya da Tunisiya. Saboda haka ɗan zango da ya zauna a gaban irin wannan abinci bai kamata ya ji kansa baƙauye ba.

Yadda alade ya mamaye madafin Andalus

Mutanen Sifaniya suna kiwon alade tun kafin zuwan Musulunci. Amma bayan 1492 cin namansa ya tashi daga abinci kawai, ya zama shaidar addini. An tilasta wa Musulmin masarautar Kastila shiga Kiristanci a 1502, aka bi da na Aragon a 1526. Kotun binciken aƙida da aka kafa tun 1478 ta riƙa sa ido a kan waɗanda aka tilasta, Musulmi da Yahudawa. Daga cikin abubuwan da ake kai ƙarar mutum a kansu akwai ƙin cin alade, da ƙin shan giya, da girki da man zaitun maimakon kitsen alade, da canja tufafi ranar Juma'a. Daga ƙarshe, tsakanin 1609 da 1614, aka kori kimanin mutum 300,000 daga jikokin Musulmi, mafi yawansu suka tsallaka Arewacin Afirka.

Tsananin ya kai a 1504 wani malamin Malikiyya ɗan asalin yankin Wahran, Ahmad ɗan Abi Jum'a, ya aika musu da fatawa cewa idan aka tilasta su cin alade ko shan giya, su yi, matuƙar zuciyarsu tana ƙi, kuma suna ƙudurce haramcinsa. Wannan sassauci ne ga mutanen da takobi ke wuyansu. Mu a Ghana babu mai tilasta mu. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne na al'ummar ƙasa, kuma maƙwabtanmu Kiristoci sun san abin da ba mu ci. Abin da waɗancan bayin Allah suka rasa gidajensu saboda shi, bai dace mu sarayar da shi don kunyar mai kawo abinci ba.

Wannan tarihi ba laifin Basifanen yau ba ne. A yanzu akwai Musulmi sama da miliyan biyu a ƙasar, an buɗe babban masallaci a Garnaɗa a 2003, akwai kuma cibiyar tantance halal a Ƙurɗuba. Sai dai Sifaniya ita ce ta fi kowace ƙasa a Tarayyar Turai yawan aladu, sama da miliyan 30, kuma girkinsu ya nuna haka.

Sunayen da za mu kiyaye

Haramcin naman alade da jini da mushe a fili yake a aya ta 173 ta Suratul Baƙara da aya ta 3 ta Suratul Ma'ida. Matsalar ita ce takardar abinci ba ta cewa alade, da wasu sunaye take zuwa. Jamón, wanda ake furtawa hamon, cinyar alade ce da aka shafe da gishiri aka busar. Ita ce ake ratayewa a bango ko a ɗora a kan katako ana yankowa siriri. Serrano da ibérico nau'o'inta ne. Chorizo, a furuci coriso, niƙaƙƙen naman alade ne da jan barkono da aka ɗura a hanji. Morcilla haramcinta biyu ne, domin jinin alade ake ɗurawa. Lomo, panceta, tocino, cerdo da cochinillo duk alade ne. Manteca kuma kitsensa ne. Wanda ya haddace waɗannan kalmomi ya gama rabin aiki.

Sauran rabin shi ne wanda ido ba ya gani. A girkin Sifaniya ana amfani da hamon da coriso kamar yadda muke amfani da daddawa ko busasshen kifi, wato don ɗanɗano. Za a kawo maka wake ko ganye, ka ɗauka babu nama, alhali an yayyanka hamon ƙanana a ciki, ko an dafa romon da ƙashinsa. Croquetas, waɗansu 'yan dunƙule da ake soyawa kamar ƙosai, mafi shahararsu na hamon ne. Albóndigas, dunƙulen nama a miya, sunansu daga Larabci yake, amma sau da yawa ana cakuɗa naman sa da na alade. Paella, a furuci pa'eya, dafa-dukar shinkafa ce da za'afaran. Ta asali ta Balansiya da kaza da zomo da wake ake yi, akwai kuma ta kayan teku, amma a wajen Sifaniya masu girki da yawa suna jefa coriso a ciki.

Hausawa na cewa suna linzami, amma a nan linzamin ba ya riƙe doki. Akwai wani tsire mai suna pinchos morunos, ma'anarsa tsiren Musulmin Magrib. Kayan yajinsa na Maroko ne, kamanninsa irin na cincingar da muke saya a bakin titi, amma a mafi yawan wurare a Sifaniya da naman alade ake yin sa. Akasin haka, akwai kayan zaƙi mai suna tocino de cielo, wanda sunansa ya ambaci alade, alhali gwaiduwar ƙwai ce da sukari. Su kuwa mantecados da polvorones da ensaimada, masu kama da biskit da burodi, da kitsen alade ake kwaɓa su a al'ada.

Giyar da ke cikin tukunya

Ta kofi kowa ya san ta, sai dai mu kula da sangría, wadda ake kawowa a tulun gilashi cike da yankakken lemo da ƙanƙara. Launinta irin na zoɓo ne, amma jar giyar inabi ce. Wadda ta fi wuyar ganewa ita ce ta girki. Idan ka ga vino ko jerez ko brandy ko cerveza a jikin sunan abinci, da giya aka dafa shi. Kek ɗin da aka kira borracho, wato mashayi, jiƙa shi aka yi da ita.

Za a ce maka wuta ta ƙone ta. Wannan magana ba ta cika gaskiya ba. Jadawalin Ma'aikatar Noma ta Amurka ya nuna cewa idan aka zuba giya a kasko aka kunna mata wuta, kimanin kashi 75 cikin 100 na sinadarin maye yana nan. Bayan dahuwar minti 15 saura kashi 40, bayan awa ɗaya kashi 25, bayan awa biyu da rabi kashi 5. Ban da wannan, hukuncin bai tsaya ga buguwa ba. Mazhabobi huɗu suna ganin giya najasa ce, abincin da aka cuɗa da ita kuwa ba a cin sa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ke nuna cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Khal hukuncinsa daban ne. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci. Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye da kanta ta zama khal ta halatta, sun kuma yi saɓani a kan wadda mutum ya juyar da gangan, inda Hanafiyya da da yawa daga Malikiyya suka halatta cin ta. Saboda haka vinagre de Jerez, wanda khal ne, hukuncinsa ba ɗaya ba ne da jerez, wadda giya ce.

Abin da ya halatta yana da yawa

Kada wannan jeri ya sa mu zaci babu abin ci. Aya ta 96 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da aka kamo a teku, kuma mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta tana da faɗi a nan: kifi, jatan lande, ƙaguwa da sauran dabbobin teku duk halal ne, ba sa buƙatar yanka. Mutanen Sifaniya kuwa gwanaye ne a kayan teku. Akwai gasasshen kifi, da gambas al ajillo, wato jatan lande a man zaitun da tafarnuwa, sai dai a tambaya ko an ɗiga masa giya. Akwai tortilla española, wainar ƙwai da dankalin turawa da albasa. Akwai patatas bravas, soyayyen dankali da miya mai yaji, da burodi da aka shafa wa tumatir da man zaitun, da gazpacho, romon tumatir mai sanyi.

A ɓangaren Arewacin Afirka ƙofar ta fi faɗi, domin girki ne da ya taso a gidajen Musulmi. Tajin sunan tukunyar ƙasa ce mai murfi kamar malfa, kuma sunan abin da ake dafawa a cikinta, nama ko kaza ko kifi da kayan lambu a kan wuta kaɗan-kaɗan. Harira romo ne na tumatir da nau'o'in wake, da shi mutanen Maroko ke buɗa baki a Ramadan. Shakshuka ƙwai ne a miyar tumatir da tattasai. Harisa yajin Tunisiya ne, mai son shito zai gane ɗan'uwansa. Margez naman rago ko sa ne da ake ɗurawa a hanji. Da yake yana kama da coriso a ido, a tabbatar wanne aka kawo.

Saura maganar wanda ya yanka. Sunan abinci na Maroko ba ya mayar da rago yankakke. A Accra mafi yawan mahauta Musulmi ne, wannan ni'ima ce. Amma manyan gidajen abinci sukan yi amfani da naman da aka shigo da shi, kuma mafi yawan kajin da ake ci a Ghana daskararru ne daga Barazil da Amurka da Turai, wasu kwalayen da hatimin halal, wasu babu. Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta mana yankan Ahlul Kitabi, kuma jumhurun malamai sun sharɗanta ya kasance yanka ne na gaskiya, ba shaƙewa ko dokewa ba. Hadisin Nana A'isha a Bukhari, wanda ya umarci mai ci ya ambaci sunan Allah ya ci naman da bai san yadda aka yanka ba, ya zo ne a kan naman da Musulmi sababbin shiga addini suke kawowa. Shi ya sa ba mu bincikar mai tuwo a zango. Amma gidan da cinyar alade ke rataye a bango, tambaya a nan ba tsanani ba ce. Idan amsa ba ta gamsar ba, kifi yana nan.

Haka nan kayan girki. A hadisin Abu Sa'alaba al-Khushani da ke Bukhari da Muslim, an yi masa umarni ya nemi wasu kwanukan in akwai, in babu ya wanke na Ahlul Kitabi ya ci a ciki. Faranti da cokali da aka wanke ba su da matsala. Inda ake samun cuɗanya shi ne man suya ɗaya da ake jefa komai a ciki, da faffaɗan ƙarfen gashi da ake ɗora coriso da kifi a kai, da wuƙar yankan hamon. Kuku mai mutunci zai iya gasa maka kifi a kasko mai tsabta idan ka roƙa.

Teburi, lokaci da aljihu

Ƙananan kwanukan nan da ake kira tapas sun samo asali ne a mashaya. Kalmar tapa na nufin murfi, kuma ɗan abin taɓawa ne da ake bayarwa tare da abin sha. Don haka wasu wuraren mashaya ce mai abinci, wasu kuma gidan abinci ne mai sayar da giya. Na farkon ba wurin zamanmu ba ne. A na biyun, Tirmizi ya ruwaito hadisin Jabir da ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Idan mu muka shirya fitar, teburinmu ya zama babu ita. Idan gayyatar ofis ce, a yi magana da mai gayyata tun da rana, cikin ladabi, kada a bari sai an buɗe kwalba. Wanda yanayin aikinsa ya matsa masa, ya kai wa malaminsa mas'alar da bayaninta. Ƙin giya ba ƙin mutane ba ne. Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, ya ziyarci cocin Katolika na Christ the King a nan Accra a 2019, bai bar addininsa a ƙofa ba, kuma girmansa ƙaruwa ya yi.

Mutanen Sifaniya sai wajen ƙarfe tara ko goma na dare suke cin abinci, gidajen da ke kwaikwayonsu ma sai dare ya yi suke cika, kiɗa na ƙaruwa, shaye-shaye na ƙaruwa. A Accra rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara. Mai hankali sai ya yi Magariba a Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda ko masallacin unguwa, ya je da wuri, ya ci, ya taso kafin wurin ya canja kama. Sai kuma kuɗi. Kowane ƙaramin kwano farashinsa kamar ba yawa, amma mutum ba ya ƙoshi da ɗaya, sai an kawo lissafi ido ya raina fata. Aya ta 31 ta Suratul A'araf ta haɗa izinin ci da sha da hanin ɓarna. Wanda ya ci bashi don ya ɗora hoton faranti a Facebook, alhali kuɗin makarantar ƙaninsa na jira, ko abincin halal ne akwai gyara a lamarinsa.

Matambayi ba ya ɓata

Duk bayanin nan yana komawa ga tambayoyi huɗu. Na farko, akwai hamon ko coriso ko kitsen alade a cikin wannan, ko a romon da aka dafa shi? A ambaci sunayen ɗaya bayan ɗaya, domin wani ma'aikacin in ka ce nama, ba ya lissafa ɗan hamon da aka barbaɗa. Na biyu, an sa giya a girkin? Na uku, daga ina naman yake, akwai shaidar halal? Na huɗu, a mai ɗaya ko ƙarfe ɗaya ake soya shi da alade? Gidajen abinci na zamani sun saba da mai cewa ba ya cin gyaɗa ko madara saboda lafiyarsa, ba wanda ke yi masa dariya. Kuma sau da yawa mai kawo abincin ɗan ƙasa ne kamarmu, wataƙila ma daga Maamobi ya hau trotro ya zo aiki. Mu yi masa magana da mutunci, in bai sani ba ya tambayo kuku, in ya kyautata mu kyautata masa.

Iyaye da malaman makarantun Islamiyya su ma da aiki a gabansu. Yaron da muka tura jami'a muna addu'ar ya sami babban aiki, wata rana zai zauna a irin wannan teburi. Cewa kada ka je kawai ba ta wadatar. Mu koya masa babin abinci da abin sha a Risala, mu haɗa masa da sunayen da zai tarar a takarda, mu gaya masa cewa shinkafar da za'afaran ɗin da ke gabansa malamansa na Ƙurɗuba sun riga shi ci. Wanda ya san wannan zai ci halal da daɗin rai, ya ture haram ba tare da rawar murya ba.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya sa mana albarka a cikinsa, Ya tsare mu da zuriyarmu daga haram.